Fitsarin jini ya dawo wa yara bayan an ba su maganin tsargiya, ina matsalar take?

Malamin_Firamare_Kura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar lafiya. A ƙauyukanmu na wajen Kura da Garun Malam, inda magudanan noman rani suka ratsa, yara maza 'yan shekara 8 zuwa 14 da yawa suna ganin jini a ƙarshen fitsari. An zo makaranta an raba ƙwayar tsargiya, aka auna tsayinsu da sanda, jinin ya ɗauke. Bayan wata biyar zuwa shida sai ga shi ya dawo wa wasunsu. Yanzu iyaye sun rabu: wasu na cewa maganin gwamnati ba ya aiki, wasu sun koma kemis suna sayen maganin tsutsa da kafso, wasu dattawa kuma na cewa alamar balaga ce, zai wuce da kansa.

Shin maganin ne ba shi da ƙarfi, ko abin da aka ba su ne bai kai ba? Maganin tsutsar kemis yana yi wa tsargiya? In an bar yaro haka, me zai same shi nan gaba? 'Yan mata fa, tunda su ba a cika jin ƙorafinsu ba?

Likitan_Karkara:

Wa alaikumus salam Malam. Maganin yana aiki. Sunansa firazikwantel, kuma aikinsa kashe manyan tsutsotsin da ke jikin yaro a ranar da ya sha shi. Ba ya tsare shi daga waɗanda zai kwaso gobe. Yaron da ya sha ranar Litinin ya faɗa magudana ranar Asabar ya riga ya ɗauko sabuwa, sai dai ba za ta nuna ba sai bayan watanni.

Ga yadda take zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin. Da ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito ya shiga neman wani ƙaramin dodon koɗi da ake kira Bulinus. In bai same shi cikin yini guda ba, ya mutu. In ya same shi sai ya shige jikinsa ya hayayyafa, bayan mako 4 zuwa 6 dodon koɗin ya fara sako dubban 'yan tsutsa masu wutsiya, waɗanda ido ba ya kama su a cikin ruwa. Sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Suna huda lafiyayyar fata cikin 'yan mintoci, ba sai akwai rauni ba. Daga nan su bi jini ta huhu zuwa hanta, su girma a can, namiji ya rungumi macen, su gangara jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara su zauna. Tsawonsu santimita 1 zuwa 2 ne, kuma sukan yi shekara 3 zuwa 5 suna saka ƙwai, wasu ma fiye da haka nesa ba kusa ba.

Daga ranar shiga ruwa zuwa ranar da ƙwai zai fara fita a fitsari, mako 8 zuwa 12 ne. To ka lissafa, Malam. An sha magani, an koma ruwa a wata na farko ko na biyu, ka ɗora wata uku na girman tsutsa. Ga wata biyar ɗinka nan.

Jinin kuwa ƙwan ne ke jawo shi. Yana da ƙaya a gindinsa, yana ratsa bangon mafitsara domin ya samu hanyar fita, wurin ya yi ta tsattsafo da jini. Shi ya sa jinin ke zuwa a ɗigon ƙarshe, lokacin da mafitsara ke matsewa.

Bayan komawa ruwa akwai wasu dalilai uku. Na farko, firazikwantel ba ya kashe tsutsar da ba ta balaga ba. Wadda ta shiga jiki makonni kaɗan kafin ranar rabo tana tsallake maganin ta ci gaba da girma. Saboda haka ne a asibiti, in an san mutum bai daɗe da shiga ruwa ba ko cutar ta yi masa yawa, akan maimaita bayan mako 2 zuwa 4, wasu likitoci su kai mako 6.

Na biyu, adadi. Ƙa'idar ita ce miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha gaba ɗaya lokaci guda. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce. Yaro mai kilo 30 ƙwaya 2, mai kilo 45 ƙwaya 3, babba mai kilo 60 ƙwaya 4. In lissafi ya faɗa tsakiya, kamar mai kilo 25, sama ake cikawa, ba a ragewa. Sandar da ka gani an yi ta ne saboda wuraren da babu sikeli: santimita 94 zuwa 109 ƙwaya 1, 110 zuwa 124 ɗaya da rabi, 125 zuwa 137 ƙwaya 2, 138 zuwa 149 biyu da rabi, 150 zuwa 159 ƙwaya 3, 160 zuwa 177 ƙwaya 4, daga 178 zuwa sama ƙwaya 5. Ga yara sandar tana daidai. Inda take gaza shi ne babban mutum gajere mai jiki, tana ba shi ƙasa da abin da nauyinsa ke nema.

Na uku, yadda ake shan. Ƙwayar babba ce, tana da ɗaci ƙwarai. Yaro kan ajiye ta a kunci ya tofar a bayan aji, ko ya haɗiye ɗaya ya jefa ɗaya a aljihu. In an sha da yunwa tana kawo jiri, murɗar ciki da amai, kuma jiki ya fi ɗaukarta in akwai abinci a ciki. Don haka a sanar da iyaye tun jajibiri kowa ya karya kumallo sosai, a sha a gaban mai rabo, a ce yaro ya buɗe baki. Wanda ya amayar nan take har aka ga ƙwayar, a ɗauka bai sha ba.

Sannan rabon makaranta ba ya kai wa ga almajirai, yaran da ba sa zuwa aji, masunta, manoman shinkafa da matan da ke wanki a bakin ruwa. Su kuwa suna ci gaba da zuba ƙwai a ruwan da ɗalibanka za su shiga. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa da kowa daga shekara 2 zuwa sama, sau ɗaya a shekara, kuma inda ba ta sauka ba a yi sau biyu.

Hajiya_Mai_Awo:

Malam, kafin a sake ba kowa magani a tabbatar tsargiyar ce. Awon ba shi da wuya, amma lokacin karɓar fitsarin ne ake kuskurewa. Mutane sun saba da cewa fitsarin asuba ake kai wa ɗakin awo. Ga tsargiya ba haka ba ne. Ƙwan ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, kuma a ƙarshen fitsari yake taruwa. A ba yaro kwalba mai tsabta da wannan lokacin, ya tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga ciki. A kawo da wuri, kada a bar kwalbar a rana, kuma kada a ɗauraye ta a bar ragowar ruwa a ciki, domin ƙwan yana ƙyanƙyashewa in fitsarin ya gauraya da ruwa, a duba a ce babu.

A ɗakin awo mililita 10 ake ɗiba, a tace ko a juya a inji, a duba abin da ya kwanta a madubin likita. Ƙwan a bayyane yake, dogo-dogo da ƙaya a ƙarshensa. In an ƙirga 50 ko fiye a cikin mililita 10, cutar ta yi yawa ke nan. Awo ɗaya da bai nuna ba ba ya wanke mutum, musamman babba, a maimaita kwana uku daban-daban.

Inda babu madubi, 'yar takardar nan da ake tsomawa a fitsari tana nuna jinin da ido bai gani ba. A makarantar da ke bakin magudana za ka tarar waɗanda takardar ta kama sun fi masu jan fitsari yawa. Amma kada a yi wa yarinya mai al'ada, za ta nuna jini ko babu cuta.

Wani abin da ke rikita iyaye: makonni bayan shan magani ana iya ci gaba da ganin ƙwai, matattu ne da suka maƙale a bangon mafitsara suke fita a hankali. Awon tabbatar da warkewa sai bayan wata 1 zuwa 2.

Kuma ba kowane jan fitsari ne tsargiya ba. Fitsari mai kalar ruwan shayi daga farko har ƙarshe, ga kumburin fuska da ƙafa, wannan ƙoda ce, asibiti za a nufa a ranar. Mai zafi da zazzaɓi da yawan fita na iya zama ƙwayoyin cuta a mafitsara. Mai tsananin ciwon kwiɓi, a binciki tsakuwa. Masu sikila ma sukan yi fitsarin jini. Babban da ya haura shekara 40 yana fitsarin jini ba ciwo, ko an ga ƙwan tsargiya, kada a tsaya a ƙwaya kawai, a yi masa sikanin na mafitsara da ƙoda.

Akwai kuma 'yar uwarta ta hanji, wadda ƙwanta ke fita a bayan gida, ƙayarsa a gefe. Ita ba ta kawo fitsarin jini. Ciwon ciki, zawo mai jini-jini da kumburin hanta da saifa take kawowa, kuma awon kashi ne ke kama ta. Yaro ɗaya kan iya ɗauke da duka biyun, maganinsu ɗaya.

Nas_Ungozoma:

Sannu Malam. Maganar dattawa cewa zai wuce da kansa tana da abin da ta dogara a kai, domin jinin yakan ragu in yaro ya doshi shekara 20. Amma raguwar jini ba warkewa ba ce. Wani kaso mai yawa na ƙwan ba ya fita, yana maƙalewa a nama, jiki ya kewaye shi da tabo. Tabon nan ke taruwa shekara da shekaru, bangon mafitsara ya yi kauri ya ƙandare, har a hoton ƙashi akan ga zanen mafitsarar fari. In tabon ya kama bakin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa taruwa a sama, ƙodar ta kumbura tana lalacewa a shiru. A yaro wannan yakan koma daidai in an yi magani da wuri. A babban da ya daɗe da ita, sau da yawa ba ya komawa. Ƙarshen layin shi ne ciwon dajin mafitsara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi tun 1994, kuma yakan bayyana ne a shekarun ƙarfi, 40 zuwa 50.

Abin da za ka gani a ajinka tun yanzu shi ne ƙarancin jini: yaro ya ɗashe, cikin idonsa da tafin hannunsa fari, yana gyangyaɗi, ba ya girma kamar sa'o'insa, karatu ba ya zama. Irin wannan a yi masa gwajin yawan jini. Kashe tsutsar kaɗai ba ya mayar da jinin da ya zube, sai an haɗa da maganin ƙarin jini na kimanin wata 3 da abinci irin su wake, zogale, hanta da kifi.

Tambayarka ta 'yan mata ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Suna kamuwa, wajen wanki, wanke-wanke, ɗiban ruwa da cirar shinkafa. Kunya ce ke hana su faɗa, wasu kuma su ɗauka al'ada ce ta fara. Jijiyoyin da tsutsar ke zama a ciki suna haɗe da na mahaifa, don haka ƙwan yana sauka a farji, bakin mahaifa da bututun ƙwai. Alamominsa: ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara, ɗigon jini tsakanin al'ada, zafi ko jini bayan saduwa. Duka waɗannan suna ɗaya ake ba su a gari, wato sanyi. Sai mace ta yi shekaru tana shan maganin sanyi, allura kan allura, ba sauƙi. Mafi muni, budurwar da ba ta san namiji ba a ce tana da cutar saduwa, a ɓata mata suna a banza. In ma'aikaciya ta duba bakin mahaifa da haske takan ga wasu tabo masu kama da an barbaɗa yashi, ruwan ɗorawa, da jijiyoyin da ke saurin jini. Fitsarin irin wannan mace yana iya fita babu ƙwai ko ɗaya, shi ya sa tambayar farko ita ce: a ina kika taso, kina shiga rafi ko magudana? In an bar shi yana toshe bututun ƙwai, ya kawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa, kuma raunin da yake bari yana sauƙaƙa shigar cutar ƙanjamau. Maganin yana kashe tsutsar a kowane lokaci, amma tsohon tabo ba lalle ya goge ba, don haka yarinya tun tana firamare ya kamata ta riƙa sha.

Maza manya kuma sukan ga jini a maniyyi ko su ji zafi wajen fitarsa.

Mai ciki tana sha bayan wata ukun farko. Mai shayarwa ma tana sha.

Malamin_Firamare_Kura:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma ga gaskiyar lamari: ba yadda za a yi a hana yaro shiga ruwa a watan Afrilu, iyayensu ma a cikin ruwan suke noma. Me za a iya yi wa ruwan kansa? Wasu gidajen daga magudanar suke ɗibar na wanka, har jarirai ake yi wa wanka da shi. Tafasa ruwan sha yana hanawa?

Tsohon_Dubagari:

Malam, kada a haɗa ta da kurkunu. Kurkunu ta baki yake shiga, shi ya sa tace ruwan sha ya yi maganinsa har aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013. Tsargiya ta fata take shiga. Mutum zai iya shan ruwan leda duk rayuwarsa ya kamu da ita wajen alwala a bakin magudana.

Ruwan da aka ɗebo aka kai gida shi ne mafi sauƙin gyarawa. 'Yan tsutsar da dodon koɗi ya sako ba sa cin komai, ƙarfin da suka fito da shi kawai suke ƙonawa, kwana 2 sun ƙare. A zuba ruwan a duro ko randa a rufe, a bar shi awa 48 cif kafin a yi wanka ko wanki da shi. Sharuɗɗa biyu ne: kada a ƙara sabo a kan tsoho, kuma kada dodon koɗi ya biyo ciki, don in ya biyo zai ci gaba da sako sababbi a cikin duron. A tace da ƙyalle wajen zubawa. Gidan da ke da duro biyu ya huta, yau a yi amfani da wannan, wancan na kwana. In ana sauri, kamar wankan jariri, a ɗora ruwan a wuta ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, digiri 50 na minti 5 ya isa, a bar shi ya huce. Kada a surka shi da ɗanyen ruwan magudana, nan ne mata ke yin kuskure. Mai ɗibar ruwan ita ma ta tsaya a kan dakali ko gada ta zura guga, kada ta tsoma ƙafa.

Dodon koɗin da ake magana ba babban nan ba ne da yara ke wasa da shi. Ƙarami ne, kimanin santimita 1. In ka riƙe shi tsininsa na sama, bakinsa na kallonka, bakin yana hagu. Na tsargiyar hanji kuma faifai ne, a naɗe kamar gammo. Ka ɗaga ganyen bado ko kainuwa, ko ka duba gindin kacalla, ko tsohuwar leda da kara da suka jiƙa a gefen ruwa, nan suke manne. Da safar roba za a taɓa, ba da hannu tsirara ba. Ruwa mai gudu da ƙarfi ba ya yi musu. Ƙananan magudanan cikin gona, wuraren da ruwa ke kwanciya bayan ƙofar ruwa, da kududdufan da aka haƙa ƙasar gini, su ne gidansu.

Saboda haka aikin gayya yana da tasiri: a cire ciyawa da laka daga magudana a kai su nesa su bushe a rana, a gyara inda ruwa ke tsiyaya yana yin fadama, a cike ramukan da ba su da amfani. Busar da magudana yana rage su amma ba ya ƙarar da su, domin suna nutsewa cikin laka su rufe bakinsu su yi watanni, ruwa na dawowa su farfaɗo. Masu yashe magudanar su sa takalmin roba mai tsawo, kuma su yi aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga. Akwai maganin kashe su da ake zubawa a ruwa, Bayluscide, amma yana kashe kifi da kwaɗi, aikin hukuma ne, ba na mutum ya saya ya zuba ba.

Likita, da girmamawa, zan ƙara a kan maganarka. Ko sau goma aka raba ƙwaya, in yara na fitsari a ruwa za a dawo gidan jiya. Yaro ɗaya mai cutar da yawa ya isa ya cika dodon koɗin wurin wanka ɗaya. Abin da ya fi sauƙi a koya musu shi ne kowa ya yi fitsari a busasshiyar ƙasa nesa da ruwa kafin ya shiga, domin ƙwan da ya faɗa busasshen wuri ba ya ƙyanƙyashewa. Sai masai a makaranta da kusa da gonaki, da rijiyar burtsatse mai dakalin wanki, yadda mata ba za su buƙaci gangarawa ba.

Kuma wannan ba laifin mutanen Kura ba ne, halin madatsar ruwa ne a ko'ina. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya daina ƙafewa da rani a wannan yanki, dodon koɗi ya samu wurin zama shekara gaba ɗaya. A Ghana, bayan madatsar Akosombo a 1965, cutar ta mamaye yaran ƙauyukan bakin tafkin Volta cikin 'yan shekaru. A Senegal, madatsar Diama ta 1986 ta jawo ɓarkewar ta hanji a garin Richard Toll, inda a da ba a san ta ba.

Mai_Harhada_Magunguna:

Saura tambayar kemis. Abin da ake kira maganin tsutsa a shago yawanci albendazol ne ko mebendazol, irin su Zentel da Vermox. Ba sa taɓa tsargiya ko kaɗan. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma haka, asarar kuɗi ce, illa in awo ya nuna akwai wata cutar a mafitsara tare da ita. Jinin tsargiya dama yana zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa duk abin da aka sha, har jiƙo, akan ga kamar ya yi aiki. Wanda zai saya ya duba jikin kwalin ya ga an rubuta praziquantel 600, wato firazikwantel ɗin da Likita ya faɗa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma a fara tambaya a asibitin ƙaramar hukuma, domin na rabo kyauta ne, kamfanin Merck na Jamus ke bayar da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan ba ya nufin albendazol ba shi da wuri. Yaron da ke da tsargiya sau da yawa yana da tsutsar hanji ma. Macijin ciki yakan kai santimita 30, macensa na saka ƙwai kusan 200,000 a rana, ana haɗiyarsa ta hannu mai datti da ganyen da ba a wanke ba. Tsutsa mai ƙugiya kuma ta tafin ƙafa take shiga, ta kama bangon hanji tana tsotsar jini, ita da tsargiya in sun haɗu su ke ɗashe yaro. Ga waɗannan, albendazol miligiram 400 sau ɗaya daga shekara 2 zuwa sama, a tauna. Ɗan wata 12 zuwa 23 rabi, miligiram 200, a murƙushe a ruwa don kada ya shaƙe. Ana iya shansa rana ɗaya da firazikwantel. Mai ƙaramin ciki, wata ukun farko, ba ta sha. Tsila kuwa, wadda ake ɗauka daga naman shanun da bai gasu har ciki ba, firazikwantel ne maganinta, kuma abin da aka sha don tsargiya ya ninka abin da take buƙata.

Waɗanda ba a ba su firazikwantel a layin rabo: mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, da mai rashin lafiya a ranar, su ga likita tukuna. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa, domin rifamfisin da ke ciki yana sa hanta ta narkar da firazikwantel kafin ya yi aiki, a sha kamar ba a sha ba. Kada ya dakatar da na tarin da kansa, likitansa ne zai tsara lokacin. Shi rifamfisin ɗin ma yana mayar da fitsari ja-ja, ba jini ba ne. Wasu magungunan farfaɗiya, kamar Tegretol, su ma suna rage masa ƙarfi. Direba da ɗan acaɓa su sha firazikwantel da yamma bayan an tashi aiki, kuma su huta washegari, saboda jiri.

Murɗar ciki, ciwon kai da kasala na 'yan awanni bayan sha abu ne da aka sani, kuma sun fi tsanani ga wanda tsutsar ta fi yawa a jikinsa. A gaya wa iyaye wannan tun kafin rabo, in ba haka ba yaro ɗaya ya yi amai gobe rabin gari su ƙi. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti nan take.

Likitan_Karkara:

Baba Dubagari, maganarka dutse. A kan ƙananan da Malam ya ambata: wanda bai kai santimita 94 ba sanda ba ta aiki a kansa, amma yana kamuwa, musamman wanda ake yi wa wanka da ruwan magudana. A kai shi asibiti a ɗora shi a sikeli, a lissafa miligiram 40 a kilo, a murƙushe ƙwayar a ɗan kunu ko zuma in ya haura shekara 1. Mai kilo 15 ƙwaya ɗaya ke nan. An samar da wani sabon nau'i na yara daga wata 3 zuwa shekara 6, ƙaramar ƙwaya ta miligiram 150 mai narkewa a ruwa, ɗacinta kaɗan, hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a Disamba 2023, sai dai bai wadata a asibitoci ba tukuna.

Malam, ka rubuta sunayen waɗanda jinin ya dawo musu, ka haɗa da 'yan matan ta hannun malama mace, ka kai wa jami'in cututtukan da aka yi sakaci da su a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Da wannan adadin ake neman a zo a auna makarantar, a mayar da rabon sau biyu a shekara, a kuma shigar da tsangayu da manya.